Sojojin dalma a kan tebur: masu sake gwabza yaƙin Suwidin da Rasha bayan shekaru 300

Babban tebur ne aka shimfiɗa wa koren ƙyalle. A kansa akwai ƴan itatuwa da ba su kai tsawon yatsa ba, da kogi da aka zana da fenti, da ƙananan ganuwoyi guda goma da aka haɗa da kwali da yashi. A gefe guda an jera sojoji masu shuɗin kaya, a ɗaya gefen masu kore da ja, kowane soja tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Magidanta huɗu ko shida, wasu har da furfura, sun kewaye teburin. Wannan na riƙe da magwajin tela, wancan na kaɗa ƙwayar ludo a tafin hannu, wani kuma ya duƙufa a kan littafin dokoki yana neman shafin da zai raba gardama. Yaƙin Poltava suke sake yi, wanda aka gwabza a ƙasar Yukren ta yau a shekarar 1709, kuma kafin su tashi za su shafe awa biyar ko shida.

Irin wannan zama ana yin sa a ƙarshen mako a ƙungiyoyin wasa na Ingila da Suwidin da Folan da Jamus da Amurka. Ba caca ba ce, don babu kuɗin da ake zubawa, wanda ya ci ma ba ya tashi da komai sai baki. Ba kuma wasan yara ba ne, ko da yake kallon farko haka yake nunawa. Ni da na taso a kan dara da ludo, na ɗauka abin dariya ne ranar da na fara cin karo da bidiyonsa a YouTube. Da na bi diddigi sai na tarar da mutanen da ke kwashe shekaru suna shafa wa dubban ƴan mutum-mutumi fenti ɗaya bayan ɗaya, suna karanta littattafan tarihi don kada su yi kuskuren launin safar soja, duk a kan wani yaƙi da akasarin mutanen duniya ba su taɓa jin sunansa ba.

Daga barikin soja zuwa falo

Asalin wasan na soja ne. A 1812 wani ɗan ƙasar Prusiya mai suna Reisswitz ya gabatar wa sarkinsu wani tebur na koyon dabarun yaƙi, sannan ɗansa, wanda hafsan igwa ne, ya gyara dokokin ya buga su a 1824. Rundunar Prusiya ta karɓi abin ta sa hafsoshinta su riƙa atisaye da shi a kan taswira. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars, wanda ya sauko da wasan zuwa ɗakin farar hula, inda ake harbin sojojin dalma da ƴar igwar wasa mai sifirin. Bayan yaƙin duniya na biyu Donald Featherstone ya buga War Games a 1962, daga nan ƙwayar ludo da magwaji suka maye gurbin ƴar igwar. Yau birnin Nottingham na Ingila ne cibiyar sana'ar, a can kamfanoni irin su Games Workshop da Warlord Games da Perry Miniatures suke. Mafi yawan masu wasan sun fi karkata ga yaƙe-yaƙen Napoleon, ko yaƙin duniya na biyu, ko dodannin almara. Masu bin yaƙin Suwidin tsiraru ne a cikin tsiraru, amma da wuya ka ga wanda ya shige shi ya fita.

Yaron da aka raina

Turawa na kiran sa Babban Yaƙin Arewa, an kuma yi shi daga 1700 zuwa 1721. A lokacin Suwidin ba ƙasar zaman lafiya da karɓar baƙi da muka sani yau ba ce. Daula ce da ke riƙe da Finlan da Estoniya da wani ɓangare na Latbiya da wasu yankunan arewacin Jamus, ta kusa mayar da tekun Baltik tafkin gidanta. A 1697 sarkinta ya rasu, ɗansa Karl na 12, wanda littattafan Faransanci ke kira Charles XII, ya hau gado yana da shekara 15. Maƙwabta uku suka ga dama ta samu: Frederik na 4 na Danmak da Norwe, da Augustus mai mulkin Saksoni da Folan, da Pita na Rasha, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Mai Girma. Suka haɗa baki suka far masa a 1700.

Lissafinsu bai fita ba. Cikin watan Agusta na shekarar Karl ya sauke dakaru kusa da Kopenhagen, Danmak ta sa hannu a kan sulhu ta janye. A ƙarshen Nuwamba ya isa Narva, a bakin iyakar Estoniya da Rasha ta yau, da mutum kusan 10,000, ya tarar da rundunar Rasha da ta ninka tasa aƙalla sau uku ta kafa sansani a bayan ganuwa. Ana cikin shiri guguwar dusar ƙanƙara ta taso tana dukan fuskar Rashawa, ƴan Suwidin suka bi bayanta suka fasa ganuwar a wuri biyu. Kafin gari ya waye rundunar Pita ta watse, an kwashe igwoginta da tutocinta, wasu daga cikin tutocin na nan a gidan tarihin soja na Stockholm. Karl na da shekara 18. Labarinsa ya cika Turai, har Voltaire ya rubuta tarihinsa a 1731.

Yadda ake mayar da jarumta lissafi

Abin da ke jan masu wasa zuwa wannan yaƙi shi ne ɓangarorin biyu ba iri ɗaya suke faɗa ba. A yammacin Turai na wancan zamani, runduna biyu kan tsaya sahu-sahu suna musayar wuta har ɗaya ta gaji. Ƴan Suwidin sun ga cewa bindigar lokacin ba ta da saiti, ɗurin ta kuma na cin lokaci, kuma su ba su da yawan mutanen da za su yi asara a doguwar musayar wuta. Sai suka ɗauki salon da suke kira gå på, wato a taka a je. Bataliya mai mutum kusan 600 takan jeru sahu huɗu, kashi ɗaya cikin uku na riƙe da dogayen masu da suka haura mita biyar, a daidai lokacin da sauran Turai ke ajiye mashi. Sukan yi tafiya cikin ruwan harsashi ba su rama ba, sai an zo kamar mita 50 sahun baya biyu su yi harbi, a ƙara matsawa kamar mita 20 sahun gaba su yi nasu, daga nan a zare takobi a ruga. Barade kuma sukan zo a guje, gwiwar kowa a bayan gwiwar na kusa da shi, da takobi tsirara, ba tsayawa harbin ƙaramar bindiga. Sau da yawa abokan gaba kan juya tun kafin a haɗu.

To ta yaya ake sa wannan a kan tebur? A nan ne na ga wasan ya fi ƙarfin raini. Kowace bataliya ana manna ƴan sojojinta a kan ƙaramin allo, kuma littafin dokoki ya ƙayyade santimita nawa za ta iya tafiya a zagaye guda, daga nisan nawa za ta iya harbi, da lamba nawa ƙwaya za ta nuna kafin a ce harsashi ya samu. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne gwajin zuciya. Idan bataliya ta sha wuta, ko ta ga ana rugo mata da takobi, mai ita zai jefa ƙwaya don a ga ko za ta tsaya ko za ta ranta a na kare. Dokokin kan ƙara wa ƴan Suwidin maki a wajen rugawa su rage musu a wajen harbi daga nesa, su kuma Rashawa a ba su yawa da igwa da ganuwa. Sakamakon shi ne mai riƙe da Suwidin ba shi da damar jira. Duk zagayen da ya ɓata yana tsaye, igwa na rage masa mutanen da ba shi da madadinsu. Mai riƙe da Rasha kuma aikinsa haƙuri ne, ya sa a yi ta tuntuɓe da shi har ƙarfin harin ya ƙare. Ba wanda ya ce musu su yi haka, lissafin ne ke tura su, kamar yadda ƙarancin mutane ya tura Karl.

Akwai kuma dokar umarni. A wasan salula kana taɓa allo soja ya motsa. A nan kwamanda na da ƴan makin umarni ƙalilan a kowane zagaye, kuma ƙwaya na iya hana saƙonsa isa. Kana kallon barade dubu a tsaye a gefen daji, ka san da za su motsa da an gama yaƙin, amma ba su motsa ba domin ɗan aike bai kai ba. Littattafan dokokin da aka rubuta don wannan zamani suna da dama, akwai Gå På na wani marubucin Suwidin, da Beneath the Lily Banners na Barry Hilton, da jerin Polemos na kamfanin Baccus da ke Sheffield, kowane da yadda ya warware wannan matsala, kuma masu wasa na iya kwana suna gardamar wanne ya fi kusa da gaskiya.

Wata shida na fenti, yini guda na yaƙi

Wasan kansa ƙaramin ɓangare ne na abin. Mafi yawan lokaci a kan fenti yake tafiya. Ana sayar da ƴan sojojin tsirara, launin ƙarfe ko na roba, a girma daban-daban. Masu milimita 28 su ne ake ganin fuska da maɓalli a jikinsu, guda ɗaya na ƙarfe kan haura jikka guda ta sefa, kuma bataliya na cin guda 18 ko 24. Masu milimita 6 sun fi araha nesa ba kusa ba, su ne kuma ke ba da damar a ɗora babban yaƙi sukutum a tebur ɗaya. A tsakani akwai masu milimita 15 da na roba da kamfanin Zvezda na Rasha ya yi. Mai fenti zai kankare kowane ɗaya, ya wanke, ya shafa farar ƙasa ko baƙa, ya bi da launin kwat da wando da fata da bindiga da buroshi mai bakin allura, ya zuba ruwan inuwa ya shiga lunguna, ya dawo ya haska inda rana za ta taɓa. Daga nan a manna a allo, a zuba yashi da ciyawar roba. Idan yaƙin hunturu ne kamar Narva, sai a kwaɓa gam da hodar soda a yi dusar ƙanƙara. Tutoci na takarda ne, ana lanƙwasa su kafin gam ya bushe don su yi kamar iska na kaɗa su.

A Suwidin abin ya daɗe da shiga gida. Kamfanin Prince August, wanda aka kafa a can kafin ya koma ƙasar Ailan, yana sayar da mazubin roba na sojojin Karl, waɗanda mai sassaƙa Holger Eriksson ya tsara. Mutum zai narka ƙarfe a ƴar ludayi a kan murhu ya zuba da kansa, aikin da duk wanda ya taɓa zama a maƙerar farfaru ta Damagaram ko Agadas zai gane shi nan take.

Gardamar launi kuwa ba ta ƙarewa. Kowa ya san sojan Karl da shuɗin kwat mai ruwan ɗorawa a hannu da ciki, da hula mai kusurwa uku. Amma rundunonin Jönköping da Närke-Värmland ja suke sakawa a maimakon ruwan ɗorawa, wasu kuma a farkon yaƙin hular ulu mai rufe kunne suke sawa, wadda ake kira karpus. Rashawa sun fi wuya, domin ko da yake an san su da kore da ja, shekaru da yawa kowace runduna yadin da ya samu take ɗinkawa, sai ka ga shuɗi da ja da ruwan toka a sahu guda. Ƴan Danmak sun fara da ruwan toka kafin su koma ja, Saksoni ja ne. Masu fenti na dogara da littattafan da masu bincike irin su Lars-Eric Höglund suka haɗa daga takardun ajiyar soja. Wani lokaci launin ma yana cikin labarin yaƙin: a Fraustadt a 1706, an sa sojojin Rasha da ke taimakon Saksoni su juya kwat ɗinsu jan ciki ya dawo waje, don kada ƴan Suwidin su gane inda sahun ya fi rauni. Janar Rehnskiöld ya gane, nan ya danna, ya tarwatsa rundunar da ta ninka tasa sau biyu ba tare da igwa ko ɗaya ba. Mai son yin Fraustadt dole ya yanke shawara, ya yi wa Rashawansa kore su yi masa amfani a kowane yaƙi, ko ya yi musu ja don yini guda.

Yaƙin da aka sha kashi tun kafin a fara

Kowa da ke wannan harka Poltava yake hari, kuma Poltava ce ke tona iyakar wasan. Bayan Narva, Karl ya juya kan Augustus ya shafe shekaru shida a Folan da Saksoni. A wannan tsakanin Pita ya sake gina rundunarsa, ya narka ƙararrawar coci-coci ya yi igwa, ya kuma kafa birnin Saint Petersburg a 1703 a kan ƙasar da ya ƙwace daga Suwidin. Da Karl ya nufi Mosko a 1708, Rashawa suka riƙa ja da baya suna ƙone gonaki da rumbuna. Janar Lewenhaupt da ya taso daga Riga da dubban amalanken abinci da albarushi, an tare shi a Lesnaya, ya iso da kusan rabin mutanensa ba amalanke. Karl ya karkata kudu zuwa Yukren, inda shugaban Kosak Ivan Mazepa ya koma ɓangarensa, sai hunturun 1709 ya sauka, ɗaya daga cikin mafi tsanani da Turai ta gani a ƙarnoni. Sojoji suka riƙa daskarewa a kan doki. Ƴan kwanaki kafin yaƙin harsashi ya sami Karl a ƙafa, ranar gwabzawa a kan gado ake ɗauke da shi, jagorancin ya koma hannun Rehnskiöld, wanda ba sa ga maciji da Lewenhaupt.

Ranar ita ce 8 ga Yuli bisa kalandar yau. Rashawa na cewa 27 ga Yuni, ƴan Suwidin 28, domin a lokacin Suwidin na da kalandarta ita kaɗai, wadda gyaran ta ya sa aka yi ranar 30 ga Fabrairu a 1712. Ƴan Suwidin da suka fita ba su kai 20,000 ba, da igwa huɗu. Rashawa sun haura 40,000, da igwa kusan ɗari. Shirin shi ne a wuce ganuwoyin nan goma cikin duhu a faɗa babban sansani da asuba. Aka makara, gari ya waye, kuma Janar Roos, wanda ba a fayyace masa shirin ba, ya tsaya da bataliya shida yana kai wa ganuwa ɗaya hari har aka yanke shi daga sauran. Aka yi ta jiransa. A ƙarshe dakaru kusan 4,000 suka taka zuwa ga sahun da ya haura 20,000. Ƴan Suwidin kusan 7,000 suka mutu a ranar, Rashawa ba su kai 1,500 ba. Bayan kwana uku ragowar rundunar ta miƙa wuya a Perevolochna, a bakin kogin Dnipro, aka kora da yawansu Siberiya.

Idan aka jera wannan a tebur yadda yake, mai riƙe da Suwidin ba shi da abin yi sai kallo. Don haka masu shirya wasa kan bi ɗaya daga hanyoyi biyu. Wasu su sauya ma'aunin nasara, a ce idan ka wuce ganuwoyin da dakarunka a haɗe, ko ka fitar da sarki da rabin runduna, ka ci, ko da an kore ka daga fili. Wasu kuma su sauya tarihin, a ce Roos ya dawo, ko Karl na kan doki, ko an fito da sauran igwogin da aka bari a baya. A ganina hanya ta farko ta fi gaskiya. Ta biyun na da daɗi, amma tana sa mutum ya ɗauka kuskuren safiya guda ne ya kayar da daular, alhali amalanken Lesnaya da sanyin Janairu sun riga sun gama aikin. Ɗan sojan dalma ba ya jin yunwa, albarushinsa ba ya jiƙewa, kuma wanda ya faɗi yau za a tashe shi ranar Asabar mai zuwa. Wanda ya fi kowa bayyana wannan ɓangare shi ne masanin tarihi Peter Englund a littafinsa Poltava na 1988, wanda ya bi yaƙin awa bayan awa ta idon waɗanda aka tura, kuma kusan duk mai wannan wasa ya karanta shi.

Masu ruwan toka

Duk da haka akwai inda wahalar ke leƙowa ta cikin fenti. Sojan Suwidin na lokacin manomi ne. Tun zamanin mahaifin Karl aka tsara cewa gonaki biyu ko fiye za su haɗu su ɗauki nauyin soja ɗaya, su ba shi ɗan gida da ɗan fili, ya yi noma lokacin zaman lafiya. Idan ya mutu, su ne za su nemo wani. Da yaƙi ya yi tsawo sai aka ce kowane rukuni uku su ƙaro mutum guda, daga baya huɗu, daga baya biyar. Waɗannan ƙarin rundunoni sau da yawa ulun gida mai ruwan toka aka ɗinka musu. Bayan Poltava kuma sai da aka sake tara rundunonin da suka ɓace tun daga tushe, daga ƙauyukan da suka riga suka ba da mazajensu. Mai fentin da ya bi jerin rundunoni da gaskiya zai ga kwalbar ruwan tokarsa na raguwa, ko bai karanta dalilin ba.

Sauran kuwa babu dokar da ta ɗauke su. Annobar da ta biyo yaƙin ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Stockholm a 1710 da 1711. Finlan ta shafe shekaru a hannun sojojin Rasha har zuwa 1721, aka kwashe dubban mutanenta bayi, zamanin da har yau suke kira Babban Fushi. A Fraustadt ɗin da masu wasa ke yabo, an kashe fursunonin Rasha bayan sun ajiye makami. A Janairun 1719 rundunar Janar Armfeldt da ke komowa daga Norwe ta haɗu da guguwa a kan duwatsu, mutum kusan 3,000 suka daskare ba wanda ya harbe su.

Tarihin da bai kwanta ba

Wanda ke jera waɗannan sojoji yau yana taɓa abin da ke da rai. Yarjejeniyar Nystad ta 1721 ce ta ba Rasha gaɓar Baltik, a shekarar ne kuma Pita ya ɗauki sarautar sarkin sarakuna. A watan Yunin 2022, watanni kaɗan da fara mamayar Yukren, Vladimir Putin ya kawo misalin wannan yaƙi a bainar jama'a, yana cewa Pita ba ƙwace ya yi ba, mayar da abin Rasha ya yi, kuma ya kwatanta hakan da abin da ke gabansa. Mazepa, wanda Rasha ta shafe ƙarni uku tana kira maci amana, hotonsa ne a kan kuɗin Yukren na hryvnia 10. Poltava kanta ta sha makamai masu linzami, ciki har da harin Satumban 2024 da ya kashe fiye da mutum 50. Finlan ta shiga ƙungiyar NATO a 2023, Suwidin ta bi ta a 2024.

Ƴan uwanmu da ke zaune a Suwidin kuma sun san wata fuskar Karl. Masu ƙyamar baƙi sun daɗe da mayar da shi tutarsu, kuma ranar mutuwarsa, 30 ga Nuwamba, ta kasance ranar jerin gwanonsu a Stockholm da Lund, inda aka yi ta arangama a farkon shekarun 1990. Shi ya sa shuɗi da ruwan ɗorawan nan ba kowa ke kallon su da ido ɗaya ba, ko a tebur, ko a waƙoƙin ƙungiyar Sabaton da ta fitar da faifan Carolus Rex a 2012 ta jawo matasa da dama ga wannan tarihi. Abin da masu jerin gwanon ba sa son tunawa shi ne Karl ɗan gudun hijira ne. Daga Poltava ƙasar Turkawa ya tsere, ya zauna kusan shekara biyar yana cin abincin Sarkin Musulmi Ahmed na 3, mafi yawa a Bender da ke Moldoba ta yau, har masu masaukin suka gaji suka fitar da shi da ƙarfi a 1713. Hargitsin ranar ya bar wa harshen Suwidin kalmar kalabalik, wadda aka aro daga Turkanci, kuma shi ma ana buga shi a tebur, sarki da ƴan mutane ƙalilan a cikin gida mai cin wuta. Da ya koma gida, waɗanda ke bin sa bashi, Musulmi da Yahudawa, suka biyo shi, aka ba su izinin yin addininsu a ƙasar da ba ta yarda da hakan ba a lokacin. Ana danganta naɗin kabeji da nama da ƴan Suwidin ke ɗauka abincin gargajiyarsu da wannan zama, kuma tun 2010 wasu suka mayar da 30 ga Nuwamba ranar cin sa, don amsa wa masu jerin gwano.

Karl ya mutu a 1718 yana da shekara 36, a cikin ramin yaƙi a gaban ganuwar Fredriksten ta Norwe, harsashi ya ratsa kansa. An tono gawarsa a 1917 don a gane ko daga gaba aka harbo ko daga cikin mutanensa, gardamar ba ta mutu ba. Kayan da ke jikinsa a daren suna ajiye a gidan tarihin Livrustkammaren da ke ƙarƙashin fadar Stockholm, kwat shuɗi marar ado irin na kowane soja, da safar hannu, da hular da ke da huda. Masu fenti kan nemi hotunansu don su daidaita shuɗin da za su kwaɓa, kuma waɗanda suka fi tsanani har taɓon da ya bushe a gefen alkyabbar suke kwaikwaya.